Agadas Ta Wa Ce? Abin da Littafin Asusunmu Ya Nuna Mini



A zamanmu na makon da ya wuce, da aka buɗe akwati, wata ƙanwata ƴar ƙungiya ta ɗaga hannu tana neman bashi karo na uku a bana. Ma'ajiya ta dube ni, ni ma na dube ta. Mun san yarinyar nan, ba ta wasa da zubi, kuma ƙosanta ba ya kwantai. Na ce, "Ƙanwata, ina ribar wancan ta shiga?" Ta ce, "Yaya, ruwa ya sha ta."

Da na koma gida na ɗauko littafin ƙungiya na bi shi shafi-shafi. Wannan shi ne amfanin yaƙi da jahilci, ba sai na jira ɗana ya dawo daga lakwal ya karanta mini ba. A rubuce kusan kowa ta ce jari za ta ƙara. Amma ni da na san gidajen, na san inda kuɗin suka tafi: sayen ruwa, tada katangar da ta faɗi, kwasar kaya bayan mai gida ya ƙara kuɗin haya. Kuma galibin masu irin wannan bashi mazauna bakin gari ne. Ashe ba mu kaɗai muke cin asusunmu ba, yadda aka tsara garin nan shi ma yana ci.

A ƙidayar 2012 mutanen Agadas sun ɗan haura dubu 110. Kowa ta san abin da ya biyo baya. Waɗanda yaƙin Libiya na 2011 ya koro sun dawo da iyalansu, zinariyar Jado ta fito a 2014 ta jawo jama'a daga ko'ina, makiyayan da fari ya cinye wa dabbobi suka matso gari. Unguwanni suka yi ta miƙewa cikin rairayi, har akwai wadda aka raɗa wa suna Misrata, sunan wani gari na Libiya. Gidaje sun yi gaba, bututun ruwa da turakun wuta suna baya. A 2016, da aka kawo bikin 18 ga Disamba nan, wato Agadas Sokni, an zuba kwalta a manyan tituna, an yi gine-gine, gari ya yi kyau, ba na musu. Amma a tambayi mai adaidaita ya kai ki ƙarshen unguwa da buhun gero, ki ji kuɗin da zai yanka miki saboda rairayi.

Bari in tsaya kan ruwa, don nan ne ciwon yake. Mai famfo a tsakar gida tana biyan kuɗin mita a ƙarshen wata. Wadda ba ta da shi tana saye jarka-jarka wajen ɗan garuwa, shi kuma ya sayo a famfon titi, ya turo kura cikin rana, dole ya ɗora ladan wahalarsa. Ban ga laifinsa ba, shi ma talaka ne. Sai dai lissafin ya fito a juye: wadda ta fi kowa rashi ita ke sayen ruwa mafi tsada a garin. In zafi ya tsananta, wajen Afrilu da Mayu, ko famfon ma sai tsakar dare yake kawowa, in ya ga dama. Wa ke tashi ƙarfe biyu ta jera jarkoki? Mu ne da ƴaƴanmu mata. Yarinyar da ta kwana a layin ruwa gyangyaɗi za ta yi a aji, gobe a ce ba ta da ƙoƙari, jibi a ce gara a yi mata aure. Mai ƙosai kuwa ba ta wanke wake da addu'a.

Kada kuma ƴan bakin gari su zaci na tsohon gari suna cikin daula. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, da unguwanninsa 11, irin su Katanga, Amarewat da Obitara, da fadar Sarkin Abzin, da hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka zalla. Mun yi guɗa ranar, ni ma na yi. Amma abin ya zo da sharaɗi: a cikin wannan yanki ba a son ginin siminti, sai a gyara da ƙasa yadda kakanni suka yi. Ni ba maƙiyiyar laka ba ce. Duk wadda ta kwana a ɗakin ƙasa da bazara ta kuma kwana a na siminti mai rufin kwano ta san bambanci. Sai dai laka tana son yaɓe, tana son a duba indararo kafin kowace damina, kuma magini ba ya aiki kyauta. Gwaggona tana can cikin tsohon gari, mijinta ya rasu. Da ruwan daminar 2024 ya yi ta zuba, gidaje suka zube a tsohon garin, ɗakinta ɗaya ya tsage tun daga soro har ƙasa. Ta ce mini, "Ɗiyata, sun ce gidana na duniya ne. To ina duniyar take ranar yaɓe?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Waɗanda suka kai shekaruna ba su manta farkon Satumba na 2009 ba, cikin azumi, daren da ruwan ƙoramar Telwa ya ɓalle ya shigo gari ya rusa dubban gidaje. Abin da na koya a lokacin, wanda ban taɓa tunani a kai ba sai da na gani da idona, shi ne maganar takarda. In aka zo rubuta waɗanda suka yi asara, sunan mai gida ake tambaya. Ƴar haya, da bazawarar da ke zaune a filin ɗan uwan mijinta, da wadda ta sayi fili da baki a gaban shaidu biyu, su ne ke komawa ƙarshen layi. Kuma wa ke gini a bakin ƙorama in ba wanda kuɗinsa bai kai na tudu ba?

Saboda haka ku saurara da kyau, don da yawa cikinmu burin rabon asusu shi ne sayen fili. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce, ku riƙe ta, amma ba ita ce ƙarshe ba. In filin yana cikin wurin da meri ta yanka ta sa wa lamba, akwai takardar mallaka da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, sama da ita kuma akwai babbar takardar mallakar ƙasa ta gwamnati. Kafin ki miƙa ko dala, ki je meri da lambar filin a duba miki ko yana cikin taswira, ko ba hanya ba ce, ko ba a sayar wa wani ba. In kuma kuɗinki ne, to sunanki za a rubuta. Na san mai jin kunyar mijinta da ta bari aka sa nasa, ya rasu, filin ya shiga rabon gado da ƴaƴan kishiya. Addini bai hana mace mallaka ba, mu ne muke noƙewa.

Akwai kuma shawarar da ake yanke mana daga nesa. Dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin da ke nufar Libiya a Yamai aka yi ta. Ba zan yi musu kan rayukan da sahara ta ci ba. Amma masu tuwo a tasha, masu wanki, masu sayar da jarkokin ruwa ga matafiyan ranar Litinin, ba wanda ya tambaye su da me za su ci. Da aka soke ta a Nuwamba 2023 ma a rediyo muka ji.

To me za mu yi? A wani zaman horo na ji labarin matan birnin Mumbai na ƙasar Indiya da ke kwana a bakin titi, hukuma na rusa musu bukkoki ana cewa ba a san da su ba. A 1985 aka bi su bukka-bukka aka ƙidaya su, a 1986 suka kafa ƙungiyar asusu mai suna Mahila Milan. Da littafin ajiyarsu da wannan ƙidaya suka riƙa zama da hukumomi, har wasunsu suka samu gidaje. Da na ji haka na ce ai mu ma ba baya ba ne. Tsarin Mata Masu Dubara a Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga Nijar ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mun iya riƙon littafi, mun iya tara kuɗi ba tare da dala ta ɓace ba. Abin da ba mu saba ba shi ne ɗaukar littafin mu fita da shi ƙofar gida.

Tun Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kansilolin da muka zaɓa, har da mata, ba sa kan kujera, kantoma ne ke riƙe da gari. Amma ƙofar meri ba ta rufe ba, mai unguwa yana nan, tambara tana nan, fada tana nan. Mace ɗaya in ta je ta ce "ba mu da ruwa", za a ce Allah ya kawo sauƙi. Ƙungiyoyi 10 in suka je da takarda mai cewa ga yawan gidajen layinmu, ga yawan masu famfo, ga abin da muke kashewa a ruwa kowane mako, ga kuma abin da za mu iya tarawa in za a ja bututu, wannan dole a ba su kujera.

Mu a ƙungiyarmu mun sayi littafi na biyu da kuɗin tara ta masu makara (ashe makararku ma tana da rana). Kowace mace za ta bi gidaje 10 na layinta da tambaya huɗu: mutum nawa ne a gidan, haya ne ko mallaka, wace takarda ke akwai, jarka nawa ake saye a rana. Wadda ba ta iya rubutu ba ta tafi da ɗiyarta ƴar lakwal. Kada a rubuta sunan kowa sai da yardarsa, wasu suna tsoron maganar haraji, ku yi musu bayani a hankali. Shugabannin sauran ƙungiyoyi da ke son shiga su zo babban zamanmu na ƙarshen wata bayan la'asar, kowa da littafinta. Ƴan tsohon gari ku ƙara tambaya ta biyar: yaushe rabon gidan da yaɓe.