Gudawar da Ba Ta Jin Magani: Ƙwayoyin Cuta Ne Sanadi?

Kowa ya san atini. Yakan zo da murɗar ciki da jini a bayan gida, a sha magani, bayan 'yan kwanaki ya wuce. Amma akwai ciwon hanjin da ba ya wucewa haka. Yakan lafa ya sake tasowa, wata da watanni, har mutum ya rame, jininsa ya ragu. Wannan shi ne kumburin hanji mai daɗewa. Wani irinsa ana ce da shi ciwon Crohn, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1932.

Me ke kawo shi?

Tun a 1913 wani likita a Sikotilan mai suna Dalziel ya lura irin wannan ciwo ya yi kama da cutar Johne, mai sa shanu gudawa da rama. Ƙwayar da ke kawo cutar shanun dangin ta tarin fuka ce, kuma takan fita cikin madarar saniya mai ciwo. An kuma same ta a hanjin waɗansu masu ciwon Crohn. Sai dai a wani gwaji a Ostareliya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2007, an yi shekara 2 ana ba marasa lafiya magungunan kashe ta, amma sauƙin bai ɗore ba.

Yau yawancin masana na ganin ba ƙwaya ɗaya ba ce. Hanjin kowannenmu cike yake da ƙwayoyi, da yawansu masu amfani. A jikin waɗansu mutane, musamman inda akwai gado, garkuwar jiki takan far wa ƙwayoyin nan, garin haka ta ji wa hanji rauni. Ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci kwano ɗaya, saboda haka kada mu guji mai shi.

Me za mu yi?

1. Gudawar da ta wuce mako 2, ko mai jini, a je asibiti a gwada bayan gida.
2. A bar sayen kafso a kemis ba da izinin likita ba. Yana kashe har ƙwayoyi masu amfani.
3. Tarin fuka na iya kama hanji ya yi kama da ciwon Crohn, kuma maganin Crohn na iya tsananta shi. Gwaji ne ke raba su.
4. A tafasa madara da ruwan sha, a wanke hannu da sabulu.

'Yan'uwa, in akwai mai irin wannan ciwo a unguwarku, ku taimaka ku kai shi asibiti da wuri.