Lafiyar Ɗan Arewa A Kurmi: Abubuwa Huɗu Da Muke Sakaci Da Su

Duk wanda ya taɓa zama a Agege ko Mile 12 a Ikko, ko Sabo ta Ibadan, ya san yadda 'yan'uwanmu ke neman halaliyarsu. Mutum ya kwana gadi, gari na wayewa ya nufi kasuwa dako, da goro a baki don kada gyangyaɗi ya kama shi. To, jama'a, wannan bashi ne, kuma jiki sai ya biya.

Likitoci sun ce baligi yana bukatar barcin sa'a 7 zuwa 9 kowace rana. Goro yana kore gyangyaɗi kawai, ba ya maye gurbin barci. Wanda ya daɗe yana tauye barcinsa ya fi kusa da hawan jini da ciwon suga, ga haɗari in direba ne.

Sai batun jiki. A wurinmu in mutum ya ajiye tumbi sai a ce arziki ya zauna, alhali kuwa ƙiba tana jawo hawan jini, cutar da takan daɗe ba ta nuna alama. Awon da ya tsaya a 140/90 ko ya haura, na ganin likita ne. Rama ma abar lura ce. Tarin da ya wuce mako 2, da zufar dare da ramewa, yana iya zama tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana sha wata 6.

Na uku, zumunci, wanda aka ce a ƙafa yake. Kaɗaici yana cin mutum, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti a kansa a 2023. Maƙwabcin da ya saba ganinka kullum shi zai fara lura in ba ka fito ba.

Amma wannan zumunci shi ke hana wasu zuwa asibiti. Wanda ba ya jin Yarbanci ko Turanci dole ya tafi da tafinta, sai ya ji tsoron kada labarin ciwonsa ya riga shi isa gida. Saboda haka sai ya yi ta sayen ƙwayoyi a kemis har ciwon ya ci ƙarfinsa.

Ku sani, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta mai da bayanin majinyaci sirri. Ma'aikacin asibiti ba shi da ikon faɗa wa maigidanka ko ɗan'uwanka sai da rubutaccen izininka, ko umarnin kotu ko na doka, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Tafinta kuwa kai za ka zaɓa, sai ka ɗauki mai riƙon amana. Wanda aka ɗauka kuma ya tuna amana ce aka ba shi.

Allah ya ba mu lafiya, ya mai da kowa gida cikin alheri.