Haɗa Zaren Gilashi na Sadarwa: Hanyoyi da Kayan Aiki

Gabatarwa

Kebul ɗin da ke ɗauke da intanet da kiran waya tsakanin birane ba ya zuwa daga masana'anta da tsawon hanyar da za a shimfiɗa shi. Ana naɗo shi ne a kan manyan ƙwarya, kowace tana ɗauke da kilomita kaɗan, galibi tsakanin 2 zuwa 6. Ke nan duk layin da ya yi nisa an harhaɗa shi ne guntu-guntu, kuma duk lokacin da motar haƙa ta tsinka shi a wurin aikin titi, sai an ƙara masa sabon haɗi. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake haɗa zarurrukan gilashin da ke cikin kebul ɗin, da kayan da ake aikin da su, tare da nuna cewa ingancin haɗin yana tabbata ne tun kafin a danna na'ura.

Abin da Ake Haɗawa

Zaren da ake amfani da shi a dogon zango yana da ɓargo na gilashi mai faɗin maikiron 9, wato kashi 9 cikin dubu na milimita ɗaya. Ta cikinsa haske ke bi. Wani bangon gilashi ya kewaye ɓargon, wanda ya kai faɗin zaren zuwa maikiron 125, sannan aka lulluɓe shi da rigar roba har ya kai 250. Aikin mai haɗi shi ne ya sa ɓargo biyu, kowane bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kaurin gashin kai ba, su fuskanci juna daidai wa daida.

Ana auna hasken da ya salwanta da ma'aunin desibel, kuma asarar desibel 3 na nufin rabin hasken ya tafi. A shekarar 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna a Ingila cewa gilashi zai iya ɗaukar saƙo idan aka tsarkake shi har asararsa ta sauka ƙasa da desibel 20 a kilomita, kuma kamfanin Corning na Amurka ya cim ma hakan a 1970. Zaren yau yana asarar kimanin desibel 0.2 kacal a kilomita. Da gilashin ya kai wannan tsarki, sai mahaɗa ta zama wurin da aka fi fargabar hasara.

Lissafi mai sauƙi zai fayyace batun. A ɗauki zango mai tsawon kilomita 80 da aka shimfiɗa da ƙwarya 20 masu kilomita 4, wato mahaɗa 19. Idan kowace mahaɗa ta ci desibel 0.05, jimillar ba ta kai desibel 1 ba. Idan kuwa kowace ta ci 0.3, jimillar ta zama 5.7, daidai da a ce an ƙara wa layin kusan kilomita 28 da babu su a ƙasa. Ga shi 0.3 ɗin nan ba ta ma saɓa wa iyakar da ƙa'idar TIA-568 ta gindaya wa mahaɗa guda ba.

Haɗin Matsewa da Haɗin Narkewa

Hanya ta farko ita ce haɗin matsewa. Ana zura bakunan zaren biyu cikin wani ɗan ƙaramin maƙali, su haɗu a tsakiya inda aka sa wani man da ke karya haske daidai da yadda gilashi ke karya shi, sai a danne maƙalin ya riƙe su. Ba ya buƙatar lantarki, kayan aikinsa ba su da tsada, kuma ana gama shi cikin 'yan mintoci. Sai dai asararsa takan kai desibel 0.1 zuwa 0.5, yana mayar da wani ɓangare na hasken baya, kuma kowane maƙali kuɗi ne. Ya dace da gyaran gaggawa da jona layi zuwa gida ko ofis. A ganin mai wannan nazari, barin sa a kan babban layi da sunan wucin gadi, har ya shekara a binne, sakaci ne.

Hanya ta biyu, haɗin narkewa, walda ce ta gilashi. Na'urar tana da allurai biyu da ke fuskantar juna, tartsatsin lantarki ya tashi a tsakaninsu da zafin da ya haura digiri 1,600, bakunan zaren su yi laushi, na'urar ta tura su su zama abu guda. Narkarwar kanta ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, kuma haɗi mai kyau yakan tsaya ƙasa da desibel 0.1. Kamfanonin Japan irin su Fujikura da Sumitomo da Furukawa su ne suka yi fice wajen ƙera waɗannan na'urori.

Na'urorin iri biyu ne. Mai araha tana kwantar da zaren a cikin kwari mai siffar harafin V, ta daidaita bangon waje, bisa zaton cewa ɓargon yana tsakiya cif. Mai tsada tana da kyamarori biyu da ke hango ɓargon kansa, da ƙananan injuna da ke motsa zaren har ɓargo ya dubi ɓargo. Ita ake so a dogon zango, musamman inda za a haɗa tsohon zare da sabo. Akwai kuma wadda ke narka zare 12 a lokaci guda, idan an jera su kamar tef.

Shiri Kafin Narkarwa

A nan ne aikin yake. Ma'aikaci zai fara zura hannun rigar kariya a jikin zare ɗaya, domin idan ya manta har ya haɗa, babu ta inda za ta shiga sai an karya. Sai ya feɗe rigar robar da wani matsefi mai ramuka da aka auna su daidai kaurin zaren, don kada ya karci gilashin. Ƙarcen da ido bai gani ba shi ne ke zama karaya bayan watanni. Daga nan ya goge zaren da ƙyalle marar gashi da aka jiƙa da sinadarin aisofurofil mai tsarki.

Sannan yanka. Kalmar ba ta cika dacewa ba, domin mayankin ba ya ratsa gilashin: yana yi masa ɗan tsagi ne, ya lanƙwasa shi, ya karye da fuska shafaffiya kamar madubi. Ana so karkacewar fuskar kada ta kai digiri 1, an fi son rabin haka. Mayanki mai dakusasshiyar wuƙa yana barin leɓe ko tsaguwa a bakin zaren, kuma na'ura komai tsadarta ba za ta iya gyara wannan ba. Iyakarta ta ƙi haɗawa, ko ta haɗa da kumfa a ciki. Abin lura shi ne, masu sayen kaya sukan zuba kuɗi a na'urar narkarwa su yi ƙwauron mayanki, alhali shi ne ya fi yawan ɓata aiki. Bayan yanka ba a sake goge zaren, ba a kuma bari bakinsa ya taɓa komai.

Muhallin ƙasar Hausa yana da nasa ƙalubale a nan. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyin da girmansu ya yi kusa da faɗin ɓargon, kuma guda ɗaya da ta faɗa cikin kwarin na'ura ta isa ta ɗaga zare daga saiti. Shi ya sa ake aikin a cikin mota ko tanti, ba a bakin rami a fili ba. Haka kuma ƙarfin tartsatsin yana sauyawa da tsayin wuri da zafi da laima, don haka na'urar da aka saita a Legas tana buƙatar sabon gwajin tartsatsi idan aka hau da ita tudun Jos. Alluran ma suna cinyewa, ana sauya su bayan 'yan dubban haɗe-haɗe.

Idan haɗi ya kammala, sai a jawo hannun rigar nan, mai tsawon milimita 40 ko 60 da ɗan sandan ƙarfe a ciki, a gasa ta a murhun da ke jikin na'urar ta tsuke. Ana jera zarurrukan a faranti ba tare da matsanancin lanƙwaso ba, domin haske na zurarewa daga zaren da aka tanƙwara da yawa, sannan a rufe su a akwati mai hana ruwa shiga. Launukan rigunan, da suka fara da shuɗi, ruwan lemo, kore da ruwan ƙasa, su ke hana a haɗa zaren wani da na wani. Guntayen gilashin da aka yanke kuwa a tara su a mazubi mai murfi, don suna shiga fata ba a gan su ba, kuma kada a leƙa bakin zare da ido, saboda hasken da ke cikinsa ba ya ganuwa amma yana lahani.

Gwaji

Lambar asara da na'urar narkarwa ke nunawa a allonta ƙiyasi ne da ta yi daga hoton mahaɗar, ba awo ba ne. Awo na haƙiƙa sai da na'urar OTDR, wadda ke harba haske cikin zaren ta saurari abin da ya dawo, ta zana layin da ke nuna nisan kowace mahaɗa da abin da ta ci. Ita ma tana da ruɗinta. Idan zare biyu sun ɗan bambanta a yadda haske ke bazuwa a ɓargonsu, mahaɗar takan bayyana kamar ta ƙara haske idan aka auna daga wannan ɓangare, ta kuma nuna asara mai yawa daga wancan. Gilashi ba ya haifar da haske. Don haka ake auna layin daga ƙarshensa biyu a ɗauki matsakaici, kuma wannan lambar ce ya kamata mai karɓar kwangila ya nema a rubuce, zare bayan zare, kafin a mayar da ƙasa a rufe ramin.