Idan Ɗalibi Ya Yi Laifi, Wa Ke Yi Masa Shari'a?

A yawancin makarantun da muka sani, in aka kama ɗalibi da satar amsa, malamai ne ke zama su yanke masa hukunci, shi dai nasa ya ji ya bi. To, akwai wata jami'a a Amurka da ta ɗora wannan nauyi a wuyan ɗalibai su kansu fiye da shekara ɗari ke nan. Mun ga ya dace mu duba yadda abin yake, tun da yaranmu da yawa suna shiga jami'o'i yanzu, wasu ma a ƙasashen waje.

Jami'ar Bajiniya ce, wadda Tomas Jefason, shugaban Amurka na uku, ya kafa a 1819. A farkon zamaninta ɗalibanta sun yi ƙaurin suna wajen rashin ji, ba sa ga maciji da malamansu. Har a watan Nuwamba na 1840 wani ɗalibi ya rufe fuskarsa ya harbi malamin shari'a, Jon Debis, wanda ya mutu bayan 'yan kwanaki. A 1842 wani malamin shari'ar, Henri Taka, ya kawo shawara cewa kowane ɗalibi ya riƙa rubutawa a takardar jarrabawarsa, bisa mutuncinsa, bai samu taimakon kowa ba. Daga wannan ɗan alkawari abin ya girma, sannu a hankali ɗalibai suka karɓi tsaronsa a hannunsu.

Yau akwai Kwamitin Mutunci, wanda membobinsa duka ɗalibai ne da 'yan'uwansu suka zaɓa daga kowace tsangaya. Laifi uku yake dubawa: ƙarya, maguɗi a karatu, da sata. Sauran laifuffuka, kamar faɗa ko ɓarnata kayan makaranta, wani kwamitin ɗalibai ne daban ke duba su. In malami ko ɗalibi ya kai ƙara, ɗalibai da aka horar su ne ke bincike, su ji masu shaida, su tattara takardu. Wanda ake tuhuma ana ba shi ɗalibi mai ba shi shawara, ana nuna masa hujjojin da ke kansa, kuma yana da damar kare kansa a gaban 'yan'uwansa ɗalibai. Masu yanke hukunci suna tambayar kansu abu uku: Ya aikata? Ya san, ko ya kamata ya san, cewa laifi ne? Laifin ya kai girman da in aka ƙyale irinsa yarda za ta zube a makaranta? Sai amsar duka ukun ta zama e, ba tare da kokwanto mai ƙarfi ba, kafin a ce yana da laifi.

Me ɗalibai ke samu? Yarda. An san jami'ar da jarrabawar da malami kan raba takardu ya fita abinsa, ko ya ba ɗalibi tambayoyi ya je ɗakinsa ya amsa.

Amma fa abin akwai tsada. Shekara da shekaru hukunci ɗaya ne tak: duk wanda aka samu da laifi, kora ce ta har abada. A 2001 wani malamin fiziks ya rubuta manhajar kwamfuta da ke kwatanta rubuce-rubucen ɗalibansa, sai ga shi da yawa sun kwafi na juna. Aka binciki ɗalibai 158. A ƙarshe 45 suka rasa gurbinsu, aka kuma ƙwace digirin mutum 3 da suka riga suka gama. Ku duba nauyin da ke kan yaro ɗan shekara ashirin da zai ɗaga hannu ya ce a kori abokin karatunsa.

Nan ne muhawara ta taso. Masu goyon bayan kora suka ce tsananin hukuncin shi ne ke riƙe da yardar. Masu suka kuwa suka ce tsananin ne ke sa mutane su ga laifi su kau da kai, don ba wanda ke son ya zama sanadin rushewar karatun wani a kan kuskure ɗaya. Da ma akwai ƙofar tuba: wanda ya tona kansa tun kafin ya san ana zarginsa, ya gyara ɓarnar, ba a korarsa. A 2013 ɗalibai suka ƙara wata: wanda aka kai ƙararsa, in ya amsa laifinsa da wuri, sai ya bar makaranta zango biyu ya dawo. A 2022 suka jefa ƙuri'a suka mayar da korar dakatarwa ta zango biyu, a 2023 kuma suka amince da hukunci iri-iri gwargwadon laifi. Ku lura, duk waɗannan canje-canje da ƙuri'ar ɗalibai aka yi su.

To, ɗalibinmu mai shirin shiga jami'a, ko a gida ko a waje, ka fara da karanta littafin dokokin makarantarka tun makon farko, ka san wa ke zama a kwamitin ladabtarwa, da kwana nawa ake ba mutum ya ɗaukaka ƙara. In akwai kujerar ɗalibai a kwamitin, kada ku bari ta zama ta 'yan neman suna, ku zaɓi mai gaskiya da natsuwa. In an kira ka shaida, faɗi abin da idonka ya gani kawai, ko da a kan amininka ne, kuma kada ka ƙara gishiri don wanda ake tuhuma ba naka ba ne. In kai ake tuhuma, nemi a ba ka tuhumar a rubuce, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.

Sai batun kwafi. A zaure mun saba da haddace maganar malami mu mayar da ita yadda take, kuma abin yabo ne. A jami'a, in ka ɗauko jimlar wani ka sa a rubutunka ba ka ambace shi ba, maguɗi ne. Wannan bai kamata ya yi mana wuya ba, mu da aka koya wa jingina kowace magana ga mai ita, a ce wane ya ji daga wane. Ka yi haka a kowane rubutu da za ka miƙa.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya tsare musu mutuncinsu. Amin.