Nawa Ne Albashin Mai Tsaron Daji?

Iyaye da yawa sukan tambaye mu ko aikin gandun daji zai iya riƙe gida. Amsar tana ga abu biyu, watau takardar da yaro ya riƙe, da kuma wanda ya ɗauke shi aiki.

A Nijeriya gwamnati ce ta fi ɗaukar ma'aikatan daji, albashinta kuwa bisa mataki yake tun gyaran Udoji na 1974. Mai digiri yakan fara a mataki na 8. Mai ƙaramar difloma, kamar wadda ake samu a kwalejin aikin daji ta Jos ko ta kula da namun daji a New Bussa, yakan fara a mataki na 6. Dogarin daji mai takardar sakandare kaɗai yana can ƙasa, kusa da albashi mafi ƙanƙanta. A 2019 wannan albashi naira 30,000 ne a wata, a 2024 aka mai da shi naira 70,000. Amma a ƙarshen shekarar nan buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan kuɗi.

Ga abin da ke damunmu. Wanda ke karɓar mafi ƙanƙanta shi ne ke kwana a daji. Shi ne ke gamuwa da maharba, da masu saran itace don gawayi, da 'yan bindiga a dazuzzuka irin su Kamuku. In mutum yana fama da yunwa, mai laifi kuma ya miƙo masa cin hanci, gwajin ba ƙarami ba ne.

Wurin aiki kuma yana da bambanci. Gashaka-Gumti na Gwamnatin Tarayya ne, Yankari kuwa ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Jihohi ba su biya daidai da juna ba. Aikin dashen itatuwa na kwangila sau da yawa ba shi da fansho, yakan kuma ƙare tare da damina.

Saboda haka kafin yaronku ya sa hannu, ku tambaya: wane mataki ne? Akwai alawus na haɗari? Akwai fansho? In da hali, ku daure ya sami difloma tukuna, gama shekara biyu na karatu za su bi shi har ranar ritaya.