Haƙƙin Amintattun Dukiyar Sadaka na a Saurare Su a Gaban Shari'a

Amintacce shi ne wanda aka danƙa wa riƙon dukiyar da aka keɓe domin amfanin jama'a, kamar masallaci ko makaranta ko gidan marayu. Dukiyar ba tasa ba ce, amana ce a hannunsa. To, idan rigima ta taso a kanta, shin yana da bakin magana a gaban alƙali?

Yana da shi, saboda dalilai biyu. Na farko, masu cin moriyar sadaka, irin su marayu da matalauta, galibi ba sa iya tsayawa da kansu, don haka amintacce ne bakinsu. Na biyu, tsige shi bisa zargin ha'inci zubar masa da mutunci ne, alhali Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa damar a saurare shi. Fiƙihun Malikiyya ma ya shar'anta i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Nazirin wakafi bai fita daga wannan ƙa'ida ba.

Batun ya yi zafi a Nijeriya a 2020, yayin da Sashe na 839 na sabuwar Dokar Kamfanoni ya bai wa Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattu, ta naɗa masu riƙon ƙwarya. Majami'u da ƙungiyoyin sa kai suka koka. A 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke sashen bisa saɓa wa tsarin mulki.

Sa ido a kan amintattu wajibi ne. Sai dai idan ana tsige su ba tare da an ji ta bakinsu ba, mutanen kirki za su guji ɗaukar amanar.