Farar karkanda: saura mata biyu a duniya

Ranar 19 ga watan Maris na shekarar 2018, a gandun daji na Ol Pejeta da ke ƙasar Kenya, wata karkanda namiji mai suna Sudan ta mutu tana da shekara 45. Shi ne namiji na ƙarshe a jinsin farar karkanda ta arewa. Ya bar mata biyu kacal: ɗiyarsa Najin da jikanyarsa Fatu, waɗanda masu gadi ke tsaro da bindiga dare da rana.

A da, wannan dabba tana kiwo a dazuzzukan Cadi, Sudan, Yuganda, Afirka ta Tsakiya da Kwango. Wajajen 1960 yawanta ya haura 2.000. A 1984 saura kamar 15 a gandun Garamba na Kwango, inda yaƙe-yaƙe suka buɗe wa mafarauta ƙofa. Tun 2006 ba a sake tabbatar da ganinta a can ba.

Ƙahonta ne ya jawo mata. A Yaman ana yin ƙotar wuƙa da shi, a Sin da Biyetnam kuwa ana niƙa shi a matsayin magani, alhali sinadarinsa ɗaya ne da na farcen mutum. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1977, amma fataucin ɓoye bai tsaya ba: a 2014 kaɗai an kashe karkanda 1.215 a Afirka ta Kudu.

Ƴar'uwarta ta kudu ta taɓa shiga irin wannan hali. A ƙarshen ƙarni na 19 ba ta kai 100 ba, a yankin Umfolozi. Hukuma ta killace wurin, ta zuba masu gadi, sannan a shekarun 1960 aka rarraba ta zuwa wasu gandaye. Yau ta haura 15.000.

Ta arewa ba ta samu wannan gata da wuri ba. Najin da Fatu ba su iya ɗaukar ciki. Tun 2019 likitoci ke ciro ƙwayayen haihuwa suna haɗa su da maniyyin mazan da suka mutu, da fatan wata karkanda ta kudu ta ɗauki cikin. Aiki ne mai cin kuɗi masu yawa, kuma nasararsa ba ta tabbata ba. Albashin masu gadi a Garamba, da an biya shi a kan kari, da ya fi araha.